Baƙo raɓa, ɗan gari kaba: tukunya da addu'a a gidan Bahaushe Kirista

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakunan mutane tun daga Dogon Dutsi har Damagaram, wadda saboda yawan maimaitawa har ta fara kama da gaskiya: wai Bahaushe ba ya zama Kirista, in kuwa ya zama, to ya tuɓe rigar Hausanci ya rataye. Ana jin ta a tasha, ana jin ta a fadar samari wajen shan shayi, ana jin ta a filin lakol lokacin shan iska, kuma abin da ya fi ciwo, ana jin ta a bakin wasu daga cikin waɗanda aka damƙa wa alli da allo.

Maganar ba ta da tushe, amma tana da masu ba ta ruwa, kuma ɓangare biyu ne. Na farko su ne masu hangen gidan Kirista daga waje, suna kiran mutanensa baƙi. Na biyu suna cikin gidan kansa: iyaye da masu koyar da yara a majami'a waɗanda, duk lokacin da biki ya ƙarato, sai su miƙa hannu ƙetaren teku su aro abinci da ado da kayan wasa, kamar dai bangaskiyarsu ba ta iya zama bisa tabarmar kaba. Ɓangarorin biyu sun saɓa a kan abubuwa da yawa, amma a nan bakinsu ɗaya, domin dukansu suna koya wa yaro cewa addinin gidansu ba na nan ba ne. Tambayar wane addini ne na gaskiya tana da majalisarta da malamanta, kuma ba ita ce a gaban wannan shafi ba. Abin da ke gabansa shi ne tambayar da ta shafi malamin lakol da mai kishin al'ada: wane ne ɗan gari, kuma wa ke da ikon kore shi?

Su wane ne ake kira baƙi?

Ƙidayar jama'a ta shekarar 2012 ta nuna cewa Kiristocin Nijar ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Kaɗan ne, babu musu. Daga cikinsu akwai waɗanda iyayensu suka zo daga Benin da Togo da Burkina Faso da kudancin Najeriya. To amma akwai kuma Gobirawa da Katsinawa da Adarawa da Arawa da Damagarawa, waɗanda ba su da wani harshen uwa in ba Hausa ba, ba su da wani gari in ba wanda aka binne cibiyarsu a cikinsa ba.

Tarihinsu a rubuce yake. Ƙungiyar mishan ta SIM ta sauka Damagaram a 1924, kuma kafin 1930 ta kafa sansani a Tsibirin Gobir. Asibitin Galmi ya buɗe a 1950, daga baya aka kafa wurin jinyar kutare a Ɗanja, kudu da Maraɗi. A daidai lokacin samun mulkin kai ne masu bi na ƙasa suka tsayar da ikilisiyarsu mai suna EERN. A ɓangaren Katolika, an kafa mishan ta farko a Yamai a 1931, kuma a 2001 Maraɗi ta zama mazaunin bishop, mai kula da jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa da Agadas da Difa. Ke nan yau akwai gidajen da kaka ta tashi Kirista, uwa ta tashi Kirista, jika ma haka. Raɓa ba ta kwana ɗari, balle shekara ɗari.

Malamin Hausa kuwa yana da dalili na musamman da zai sa ya yi hattara. Ɗaya daga cikin tsofaffin labaran rayuwa da aka buga da Hausar boko na Dorugu ne, yaron da aka kama bawa daga wani ƙauye na yankin Kance, ya bi matafiyin nan Barth har Ingila a 1855, aka yi masa baftisma a can, ya zauna da Schön yana ba shi Hausa, har aka buga littafin Magana Hausa a 1885. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito a 1932, wato kafin Ruwan Bagaja da kafin jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta 1939. Wanda ke koyar da tarihin rubutun boko ya tsallake wannan babi, ya yanke wa ɗalibansa wani yanki na gadonsu.

Hujjojin masu hange daga waje

Hujjarsu ta farko ita ce Hausanci da Musulunci sun cakuɗe har ba su rabuwa. Rabin wannan magana gaskiya ne. Ɗaruruwan shekaru Musulunci ya yi yana shiga harshe da sutura da gaisuwa da sunayen ranaku, kuma babu mai hankalin da zai musa. Shi kansa Kirista Bahaushe da waɗannan kalmomi yake ibada: Allah, addu'a, azumi, zunubi, tuba, mala'ika, Attaura, Zabura, Almasihu. To amma ɗayan rabin fa? Anna da Maguzawa da suka riƙe gargajiya, wa ya taɓa cewa ba Hausawa ba ne? Sarauniyar Lugu, wadda ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899, a kan addinin kakanninta ta tsaya. Abdullahi Mamani ya rubuta littafi a kanta a 1980, Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, ana koyar da labarinta a lakol, ana tafa mata a wasannin ƙungiyoyi. Idan addini ne ƙofar shiga Hausanci, da wace ƙofa aka shigo da ita? Ba ya yiwuwa a yi awo da tiya biyu, babba ga wanda ake so, ƙarama ga wanda ake ƙi.

Hujja ta biyu ita ce Kiristanci ya zo tare da Nasara mai mulkin mallaka. A ƙasar Hausa ta Nijar wannan ma bai cika daidai ba. Ƴan mishan na SIM masu Ingilishi ne daga Amurka da Kanada da Ingila, kuma hukumar Faransa ba ta taɓa sakin jiki da su ba, musamman lokacin yaƙin duniya na biyu, sa'ad da ta takura musu ƙwarai. Amma a bar wannan, a ɗauka ma daga waje ya zo. Me ke cikin madafar Bahaushe da bai zo daga waje ba? Gyaɗa, wadda a Maraɗi da Tawa ake kira gujiya, asalinta Amurka ta Kudu. Masara da rogo da tumatir da tonka duk daga nahiyar Amurka suka ƙetaro. Shayin da ake sha a fada daga Sin yake zuwa. Har yau ba a ji wanda ya kira ƙuli-ƙuli abincin Nasara ba. Abu yana zama na gari ne idan ƴan gari sun shuka shi, sun dake shi a turminsu, sun raɗa masa suna da harshensu, sun gadar wa ƴaƴansu. Da wannan ma'auni ake auna komai, kuma da shi ya kamata a auna gidan Kirista.

Wanda ya taɓa shiga irin wannan gida a Tsibiri ko Galmi ya san abin da zai tarar. Da asuba ko bayan tuwon dare maigida yana tara iyali bisa tabarma, a karanta sura da Hausa, a rera waƙa, a yi addu'a domin damina da marasa lafiya da matafiya. Ba a sa hannu a akushi sai an yi godiya. Ranar suna ana raba goro, fasto ya yi addu'a, a raɗa wa jariri Iliya ko Ishaya ko Hannatu ko Saratu, ko kuwa suna na Hausa tsantsa irin su Alheri da Salama da Murna da Godiya. Amarya tana da sadaki, tana da kayan ɗaki. Suruka tana jin kunyar surukinta, ɗan fari ba a kiran sunansa. In wannan ba gidan Hausa ba ne, sai a sake wa kalmar ma'ana.

Kayan aro ba ya rufe katara

Sai dai laifin bai tsaya a waje ba. Tun farko ƴan mishan sun yi wa al'adun gari kallon tsoro: sun ƙyamaci ganga saboda bori, sun tara masu bi a unguwanni da makarantun kwana nesa da dangi, kuma yawancin waƙoƙin da suka bari fassara ce ta waƙoƙin Turawa bisa muryoyin Turawa. Matan ikilisiya ne, a ƙungiyoyinsu na Zumuntar Mata, suka dawo da tulu da ƙwarya da amshi irin na gaɗa cikin waƙar ibada. Abin mamaki shi ne yau, da babu Baturen da ke tsaye bisa kan kowa, wasu iyaye da kansu suke komawa ga aro.

A duba abin da ke faruwa idan Disamba ta kama. Ana sayo itacen roba mai siffar wani icce da ba ya tsirowa ko'ina a Sahel, a liƙa masa auduga wai ƙanƙara ce. Ana kwafo wa yara takardun zane daga littattafan Faransa da Amurka ko daga intanet: tsoho mai jar riga bisa keken da barewar ƙasar sanyi ke ja, gida mai bututun hayaƙi, mutum-mutumin ƙanƙara. Ana neman girke-girken da ke bukatar tanderun lantarki da man shanun kanti da garin da ake saye da tsada. Idan bikin Tashin Almasihu ya zo, wato Ista, sai a nemo ƙwan cakulan, a watan da zafin Tawa ke wuce digiri 40, ya narke tun kafin ya isa gida. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke cikin Linjila. Bishara ba ta ambaci ƙanƙara a daren haihuwa ba, ba ta ambaci icce mai ado ba, ba ta ambaci zomo ba.

Masu yin haka suna cewa bangaskiyarsu ta duniya duka ce, ba ta da ƙasa. To, su tambayi Turawan da suke kwaikwaya. Iccen Kirsimeti al'adar Jamusawa ce, daga dazukansu ta fito, kuma sai a shekarun 1840 ta bazu a Ingila bayan da gidan sarauniya Biktoriya ya karɓe ta. Waliyyi Faransis na Asisi, da ya shirya kwaikwayon wurin haihuwa a ƙauyen Greccio na Italiya a 1223, da sa da jaki da ciyawar ƙauyen ya yi. A kudancin Faransa, ƴan mutum-mutumin yumɓu da ake jerawa kewaye da jariri siffofin mutanen ƙauyukansu ne: mai gashin burodi, mai niƙa, mai sayar da kifi, makiyayi. Wato kowace al'umma ta ɗauki labarin ta zaunar da shi a tsakar gidanta, ta ciyar da shi abincinta. Wanda ya kwafi sakamakon ya bar hanyar, bai kwaikwayi Turawa ba ma, hotonsu kawai ya rataya a bango.

Illar kuwa ba ƙarama ba ce. Yaron da duk shekara ya ga cewa ranar farin ciki tana zuwa cikin kwali daga kanti, zai tashi yana ganin hatsi da kara da laka kayan talauci ne, ba su cancanci ranar Allah ba. Gidan da ba ya da kuɗin kwalin zai ji kamar bikinsa ragagge ne. Maƙwabcin da ya leƙo ya ga auduga bisa roba kuwa zai koma yana cewa: ba ga shi ba, an ce baƙi ne.

Labaran da ba su bukatar tafinta

Alhali kuwa da wuya a sami yaron da ya fi na ƙasar Hausa kusa da duniyar da Littafi Mai Tsarki ke ba da labarinta. Malamin Lahadi a Paris sai ya zana rijiya a allo kafin ya bayyana yadda Rifkatu ta shayar da raƙuma. Yarinyar Madawa da guga a hannu ta wayi gari. Labarin Rut da ta bi masu girbi tana tsintar zangarniya, sunansa kala, kuma duk wanda ya taɓa ganin kaka ya san wace ce ke yin kala da dalilin da ya sa mai gona na kirki ke kau da kai. Mata biyu a dutsen niƙa, makiyayi da ya bar garke ya bi tunkiya ɗaya, mace mai share ɗaki tana neman kuɗin da ya faɗi, baƙon da ake kawo wa ruwan wanke ƙafa, mai shuka da irinsa ya faɗi bisa fako: duk waɗannan ana ganinsu tsakanin Tasawa da Ƙonni ba tare da an buɗe littafi ba. Littafin Ezekiyel, a sura ta 4, har gero ya lissafa cikin hatsin da aka umarci annabin ya haɗa ya yi gurasa.

Misalin da ya fi kowane daɗi shi ne na Yahaya Mai Baftisma, wanda aka ce abincinsa fara ce da zumar jeji. Masu sharhi a Turai sun sha wahala da wannan, har wasu suka yi ƙoƙarin cewa wai ba ƙwaron ake nufi ba, ƴaƴan wani icce ne. Yaron Damagaram ba ya bukatar sharhi. Ya san ana kama fara da sanyin asuba kafin fiffikenta ya saki, a tafasa ta da gishiri, a shanya, a cire fiffike da ƙafafu, a soya da ɗan mai, a barbaɗa yaji, a matsa lemun tsami. Uwar da ta ba da wannan labari da faranti a gabanta ta gama darasi.

Abin da tukunya ke koyarwa

Ga waina, alal misali, wadda ake ci da safiyar biki. A auni gwangwani 4 na farar shinkafa, a jiƙa 3 su kwana, a dafa 1 ya yi laushi, a haɗa su a niƙa. A zuba ƙaramin cokali na yisti, ko ragowar ƙullun jiya mai tsami, a rufe a ajiye wuri mai ɗumi kamar awa 5 ko 6. Idan ya tashi a sa ɗan ruwan kanwa da gishiri da sukari da yankakkiyar albasa, a soya a tanda. A sura ta 13 ta Bisharar Matiyu akwai misalin mace da ta cuɗa ɗan yisti cikin gari mai yawa har duka ya tashi. Yaron da aka sa ya leƙa ƙullu da dare, ya sake leƙawa da safe ya ga ya cika ƙwarya, ya fahimci misalin fiye da wanda aka ba takarda ya shafa mata launi.

Ga kwaɗon zogala. A dafa ganyen har ɗacinsa ya fita, a tsane, a matse, a zuba dakakken ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir da tonka da gishiri da ɗan man gyaɗa, a cuɗa. Ga iyalan Katolika da ke barin nama ranakun Juma'a a cikin azumin kwana 40 kafin Ista, wannan da ɗanwake da dafaffen wake sun wadatar, ba sai an nemi kifin gwangwani ba. Kuma tun da azumin yana faɗowa cikin bazara, kunun tsamiya da fura da zoɓo mai citta sun fi kowane abin kanti dacewa da jiki.

Ga kuma tuwon hatsi na watannin da rumbu ya yi ƙasa. Labarin gwauruwar Zarefat, wadda ba ta da komai sai tafin gari da ɗan mai a kwalba amma ta fara ciyar da annabi Iliya, labari ne da ƙasar da ta ga yunwar 1973 da ta 1984 da ta 2005 ba ta bukatar a fassara mata. Uwar da ta saba ɗebe malmala ɗaya ta ajiye domin wanda zai yi sallama tana wa'azi ne kullum ba tare da ta hau mumbari ba.

Kara, kaba da laka

Kirsimeti tana zuwa bayan kaka, lokacin da kara ya cika gonaki, kuma babu yaron ƙauye da bai iya ƙera motar kara ba. Hannun da ya iya mota ya iya bukka. A ɓare kara, a yi ginshiƙai da tsokarsa mai laushi, a soke su da siraran ɓawonsa a madadin ƙusa, a ɗora jinkar ciyawa. A ɗebo laka a bakin tabki a gina tumaki da jaki da raƙuma, yadda yara suka saba gina shanun wasa, a shanya a inuwa don kada su tsage. Ƙaramin ɓallin ƙwarya ya zama komin dabbobi. A Wagadugu yara sun daɗe suna gina irin wannan da ƙananan tubala a ƙofar gidajensu, unguwa tana zagayawa tana kallo, kuma ba a taɓa jin cewa bikinsu ya ragu don ba a saye shi ba.

Tsohuwar ƙwarya da ta tsage, in an huda ta da basilla bisa siffar taurari aka kife ta bisa ƙaramar fitila mai batir, ta ishi ɗaki ado. Kaba kuwa, wadda ake saƙa tabarma da faifai da igiya da ita, ita ce ta Lahadin da ke gaban Ista, ranar da ake tunawa da shigar Almasihu Urushalima ana kaɗa masa rassan dabino. Zare biyu na kaba, a naɗe ɗaya bisa ɗaya a ƙulle tsakiya, sun zama gicciye. A al'adar Katolika busassun rassan ne ake ƙonawa a sami tokar da ake shafawa a farkon azumin shekara mai zuwa. Wanda zai koya wa yaro waɗannan ba wani ba ne illa kakarsa, kuma a yawancin gidaje kakar tana da ƴan'uwa Musulmi da suka koyi saƙar tare da ita a gindin icce ɗaya.

Akushin da ke ƙetare katanga

Wani zai ce wannan duk maganar tuwo ce da wasan yara, ba ta kai a ɓata tawada ba. Ya tuna da watan Nuwamba na 2000, sa'ad da zanga-zangar ƙin bikin nuna tufafi na FIMA ta juye a Maraɗi ta faɗa wa majami'u. Ya tuna da ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, sa'ad da fushin zanen ɓatanci na wata jaridar Paris ya sauka a Damagaram da Yamai: aka ƙona majami'u da dama, da gidaje da makarantu, aka rasa rayuka goma. Waɗanda aka ƙona wa ba su zana komai ba, yawancinsu ba su taɓa ganin jaridar ba. An haɗa su da Faransa ne domin an daɗe ana cewa su na can ne. Kafin a ƙyasta ashana sai da aka fara raɗa wa mutum suna baƙo.

A waɗannan ranaku kuma an sami Musulmi da suka buɗe ƙofofinsu suka ɓoye maƙwabtansu. Ba taron ƙara wa juna sani ne ya koya musu haka ba. Shekaru ne na akushi yana ƙetare katanga: naman layya ya shiga gidan Kirista ranar babbar salla, shinkafa da miya su fito daga gidan Kirista ranar Kirsimeti. Gidaje da yawa na Kirista sukan kira maƙwabci Musulmi ya yanka musu ragon biki, don kowa ya ci da kwanciyar rai, ko da yake Suratul Ma'ida ta halatta abincin Ma'abota Littafi. Wannan ladabi ne na ƴan gari ɗaya. Kuma a lura: waina da zoɓo da dambu suna ƙetare katanga cikin sauƙi, kowa ya san su, kowa ya san yadda aka yi su. Abincin da aka kwafo daga littafin waje yakan tsaya bisa tebur, masu gida kaɗai ke kallonsa. Zumunta a ƙafa take, amma a ƙasar Hausa ƙafar ba ta tafiya hannu sake.

Aikin da ke jiran malamai da ƙungiyoyi

A watan Maris na 2025 dokar ƙoli ta sake gina ƙasa ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Harshen da ya hau wannan matsayi ba ya da ikon ware wasu daga cikin ƴaƴansa na cikinsa. Saboda haka akwai abubuwan da ba su jiran izinin kowa.

Malamin da ya ji an kira yaro arne ko kafiri a filin lakol ya tsayar da wasa ya yi magana, kamar yadda zai yi in an zagi uwar wani. A darasin aikin hannu, idan an ce kowa ya ƙera abin bikin gidansu, a karɓi bukkar kara kamar yadda ake karɓar allon zayyana, a yaba hannun da ya yi. A darasin tarihin rubutu a ambaci Dorugu da fassarar 1932 kusa da ajami da waƙoƙin malaman jihadi, kowanne a matsayinsa.

Ƙungiyoyin al'adu da ke zagaya ƙauyuka suna naɗar waƙoƙin daka da na gaɗa su tsaya a Tsibiri da Galmi da Dogon Dutsi su naɗi na Zumuntar Mata, tun tsofaffin da suka ƙaga su suna da rai. Waƙoƙin Hausa ne, bisa karin Hausa, kuma in sun ɓace adabin baka ne ya yi asara.

Su kuwa shugabannin ikilisiyoyi da masu koyar da yara, lokaci ya yi da za su daina jiran kwali. Ɗan littafi mai shafi 30 da Hausa, wanda ya jera bukukuwan shekara bisa kaka da hunturu da bazara da damina, kowane biki da karatunsa da girkinsa da aikin hannunsa, bai fi ƙarfin malamai uku da tsofaffin mata biyar ba. Kayan aikin suna bayan gida: kara a gona, kaba a fadama, laka a tabki, zogala a shinge. Abin da ya rage shi ne a zauna da tsofaffin a tambaye su, a rubuta abin da suka faɗa kafin damina ta sake zagayowa.